Shafin da ya ƙi buɗewa: tarihin burauza daga ƙasan kogin Haɗejiya

A ranar 12 ga Janairun 2021 manhajar Flash ta daina aiki a kwamfutocin duniya. Kamfanin Adobe, mai ita, ya sanar tun watan Yulin 2017 cewa zai yi watsi da ita a ƙarshen 2020, wato an ba kowa wa'adin shekara uku da rabi ya kintsa. Duk da haka, hukumar tara haraji ta Afirka ta Kudu, SARS, ta wayi gari wasu daga cikin fom-fom ɗinta na intanet sun ƙi buɗewa, domin a kan Flash aka gina su. Kafin watan ya ƙare hukumar ta fitar da burauzarta ta kanta, mai ɗauke da Flash a ciki, ta ce masu biyan haraji su sauke su yi amfani da ita har a gama gyara.

Hukuma ce mai kuɗi da injiniyoyi, ta iya dinka wa kanta mafita cikin makonni biyu. Mai shagon kwamfuta a Haɗejiya ko Malam Madori, wanda ɗalibai ke layi a ƙofarsa don buga takardar jarrabawa, ba shi da wannan gata. Idan shafi ya ƙi buɗewa a na'urarsa, abin da ya rage masa shi ne ya ce wa mai jira, “Natwok ne, ka dawo gobe.” Sau da yawa kuwa natwok ba shi da laifi. Shafin ne ya zo da yaren da burauzarsa ba ta ji, burauzar da ke jin yaren kuma ba ta hawa kan Windows ɗin da ke kwamfutarsa.

Wannan sarƙa tana da tarihi na shekara talatin da ɗoriya. Ya kamata a san shi, domin yau ta wannan ƙofa ake shiga jami'a, ake neman aikin gwamnati, ake biyan kuɗin makaranta. Wanda ya tsara shafin rajista, ko ya sani ko bai sani ba, shi ke yanke hukuncin wanda zai shiga da wanda za a bari a waje.

Yadda takarda ta koyi motsi

A farkonsa shafin intanet takarda ce kawai: rubutu da mahaɗan da ke kai mai karatu zuwa wata takardar. Tim Berners-Lee ya rubuta burauza ta farko a 1990 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, amma a kan kwamfutar NeXT kaɗai take aiki, na'ura mai tsada da mutane ƙalilan suka mallaka. Saboda haka aka ɗora wa wata ɗaliba mai suna Nicola Pellow aikin rubuta ta biyu, wadda ba ta nuna hoto, ba ta buƙatar linzami, tana kuma aiki a kusan kowace irin kwamfuta. An fitar da ita a 1991. Tun ran gini aka yi wa mai ƙaramar na'ura zane.

Kasuwa ce ta sauya alƙibla. Mosaic ta fito a 1993 ta haɗa hoto da rubutu a shafi guda, Netscape Navigator ta biyo baya a ƙarshen 1994. Fitowarta ta biyu, wadda aka kammala a 1996, ta zo da abubuwa biyu da suka canza komai.

Na farko shi ne JavaScript, yaren umarni da Brendan Eich ya rubuta samfurinsa cikin kwana goma a watan Mayun 1995. Da shi shafi zai iya aiko da umarni kwamfutar mai karatu ta zartar: ta duba ko an cike fom daidai, ta yi lissafi, ta canza abin da ke kan allo ba tare da an sake loda shafin ba. Na biyu shi ne fulogin, wato ƙaramar manhaja ta wani kamfani dabam da ake maƙala wa burauza don ta yi abin da ita kanta ba ta iya ba. Burauzar wancan zamani ba ta san sauti ba, ba ta san bidiyo ba. Mai son sauraron rediyon ƙetare ta intanet sai ya sa RealPlayer. Mai son karanta takardar PDF sai ya sa Acrobat Reader. Wasanni da zanen motsi, daga baya har bidiyon YouTube, duk ta Flash suke zuwa, wadda kamfanin Macromedia ya saya a 1996, Adobe kuma ya gaje ta a 2005. Bankuna da hukumomi da dama suka rungumi Java.

Microsoft ta mayar da martani a watan Agustan 1996 da Internet Explorer 3, mai nata salon JavaScript da ta kira JScript, da kuma nata tsarin fulogin mai suna ActiveX, wanda kusan a Windows kaɗai yake aiki. An tsayar da ƙa'idar bai-ɗaya ta yaren a 1997, amma aikin gama ya gama: shafuka suka cika da sanarwar cewa an fi ganinsu da kyau da burauza kaza. Koriya ta Kudu ta ɗanɗana kuɗar wannan. A ƙarshen shekarun 1990 ta gina tsaron hada-hadar kuɗi ta intanet a kan ActiveX, sai ga al'umma guda an ɗaure ta da Internet Explorer sama da shekara goma, duk mai son shiga asusunsa na banki dole ya bi ta nan.

Abin lura a nan shi ne inda nauyi ya koma. A da, sabar mai shafi ce ke yin aiki, ta aiko da sakamako. Daga 1996 aka fara sauke wani kaso na aikin a kan na'urar mai karatu, kason kuma ƙaruwa yake kowace shekara. A inda ake sauya kwamfuta duk bayan shekara uku ko huɗu, ba wanda ya ji nauyin. A inda kwamfuta ke isowa bayan ta gama aikinta na farko a wata ƙasa, labarin dabam ne.

Isowarta Jigawa

Shekarar 2001 ta tara abubuwa da yawa. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Najeriya. A watan ne kuma Internet Explorer 6 ta fito, Windows XP ta biyo a Oktoba. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NITDA. Jigawa, wadda a lokacin shekararta goma da ƙirƙira, ta shiga sahun gaba: gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta mayar da fasahar sadarwa tutarta, ta kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure tare da kamfanin Informatics na Singafo, ta kuma kafa kamfanin Galaxy ITT don samar da intanet. Ko me mutum zai ce game da abin da ya biyo baya, matasan da suka samu horo a wancan zamani suna cikin waɗanda suka riƙe shagunan kwamfuta da ofisoshin jihar.

Sai dai na'urorin da suka cika shagunan ba sababbi ba ne. 'Yan kwatano ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Ana sauke su a tashar Apapa, su bi ta kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja, su hau mota zuwa Titin Beirut a Kano, daga can ɗan kasuwa ya ɗauko biyar ko goma zuwa garuruwa irin su Haɗejiya da Gumel da Nguru. Wani rahoto da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shiga Legas duk wata, kuma masu sana'ar sun shaida mata cewa har kashi 75 cikin ɗari na iya zama shara. Abin da ya tsira daga wannan tankaɗe shi ya koya wa ƙarni guda na 'yan Arewa riƙe linzami.

Wanda ya taɓa zama a kafe a wancan zamani ya san tsarin: faifan tauraron ɗan Adam a kan rufi, janareta na ruri a baya, tikitin awa ɗaya, da rangwamen dare ga mai iya kwana. Ma'aikacin kafe yana da faifan CD ko filashi da ya tara kayan aikinsa, Flash da Java da Acrobat Reader, domin sauke su ta layin da mutum goma ke rabawa ɓata yini ne. Duk kwamfutar da aka wanke aka sake ɗora mata Windows, sai ya bi ta da su ɗaya bayan ɗaya.

Har rubutun Hausa bai tsira ba. Fitattun salon haruffan da ke zuwa da Windows XP, irin su Arial da Times New Roman, ba su da ɓ da ɗ da ƙ, don haka shafin da ya yi amfani da su yakan fito da ƙananan akwatuna a gurbinsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabi'at don magance matsalar, ya kuma taimaki masu ɗab'i ƙwarai, amma a intanet yana da raunin da kowane fulogin ke da shi: sai mai karatu ma ya sa shi a tasa kwamfutar. Marubuta da yawa suka haƙura da lanƙwasar baki ɗaya. Na'urorin yau sun daɗe da warware wannan, amma al'adar ta zauna, har gobe ana rubuta “kasa” mai karatu ya laluba ko ƙasa ake nufi ko kasawa. Gazawar wata manhaja ta 2001 ta bar tabo a rubutun harshe guda.

Da gwamnati ta koma shafi

Muddin intanet ta tsaya a aika wasiƙa da duba sakamakon ƙwallo, shafin da ya ƙi buɗewa ɓacin rai ne kawai. Lamarin ya zama babba ne da hukumomi suka fara rufe tagoginsu na katako suna buɗe na intanet. Hukumomin jarrabawa ne suka fara, da katin kankarewa na duba sakamakon WAEC da NECO da rajistar JAMB. A 2013 JAMB ta soma jarrabawa ta kwamfuta, a 2015 ta daina ta takarda. Lambar BVN ta zo a 2014, a shekarar da NYSC ta koma rajista ta intanet. A 2015 aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA, biyan kuɗin hukumomin tarayya ya koma ta Remita. A 2016 dubban matasa suka yi cincirindo a shafin N-Power. A 2017 JAMB ta soke katin kankarewa, ta hana kafe-kafe yin rajista, ta taƙaita ta ga cibiyoyin da ta tantance. Daga 2021 kuma ba a rajistar jarrabawar sai da lambar NIN.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da hujjarsa, wasu ma sun toshe ɓarna mai yawa. Amma a duba su daga masarautar Haɗejiya. Ƙananan hukumomi takwas ne: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya, akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, kowace da nata shafin rajista da biyan kuɗi. Ɗalibin da ya taso daga wani ƙauye na fadamar Guri ya biya kuɗin mota, a damina wataƙila har da na kwalekwale, ya bar aikin gona na yini guda. Idan aka ce masa ya dawo gobe, farashin shafin da ya ƙi buɗewa ke nan: kuɗin mota sau biyu, wani lokacin kuma wa'adin rajista da ya wuce sai baɗi.

Shekarun rufe ƙofa

A daidai shekarun da gwamnati ke tura jama'a intanet, kamfanonin manhaja suna janye tsani daga ƙarƙashin tsofaffin kwamfutoci. Internet Explorer 8 ta 2009 ita ce ta ƙarshe da ke hawa Windows XP. Microsoft ta daina kula da XP a ranar 8 ga Afrilun 2014. Chrome ta tsaya a fitowa ta 49 a 2016, Firefox ta yi haƙuri har 2018. Windows 7 ta bi sahu: Microsoft ta sake ta a Janairun 2020, Chrome ta tsaya mata a fitowa ta 109 a farkon 2023.

Fulogin ma ajalinsa ya zo. Steve Jobs ya hana Flash shiga iPhone, ya kuma bayyana dalilansa a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a Afrilun 2010. Sabuwar ƙa'idar HTML5, wadda aka kammala a 2014, ta koya wa burauza sauti da bidiyo da kanta. Chrome ta rufe tsohuwar ƙofar fulogin ta Netscape a Satumban 2015, Firefox ta rufe tata a 2017 in ban da Flash. Dalilin mai ƙarfi ne, domin fulogin yana da ikon taɓa cikin kwamfuta kai tsaye, kuma ta nan ɓarayin intanet suka fi samun shiga. Amma wannan ya jefa mai shago cikin tsaka mai wuya: tsohon shafin da aka gina da Java ko ActiveX yana neman tsohuwar burauza, sabon shafi yana neman sabuwa, shi kuwa kwamfuta ɗaya gare shi.

Ta hanya uku tsohuwar burauza ke mutuwa. Ta farko yare ne. A 2015 aka yi wa JavaScript babban garambawul, aka ƙara masa sababbin sigogin jimla. Burauzar da ba ta san su ba, idan ta ci karo da ko ɗaya, takan yi watsi da fayil ɗin umarnin gaba ɗayansa. Da yake shafuka da yawa na yau babu komai a cikinsu sai abin da JavaScript ya zana, sakamakon shi ne farin allo, ko maɓallin da ake dannawa ba ya motsi. Ta biyu ita ce takardar shaida. Shafi mai tsaro yana gabatar da shaidar da wata amintacciyar hukuma ta sa wa hannu, na'ura kuma tana riƙe da jerin hukumomin da ta yarda da su. Idan aka daina sabunta jerin, wata rana shaidar da ta sani za ta ƙare. Haka ta faru ranar 30 ga Satumban 2021, lokacin da wata tsohuwar shaida da Let's Encrypt ke jingina da ita ta cika wa'adi, tsofaffin na'urori da dama suka fara gargaɗin cewa shafukan lafiyayyu ba su da aminci. Ta uku nauyi ne kawai. Ƙididdigar HTTP Archive ta nuna matsakaicin shafi ya tashi daga kusan rabin megabayit a 2010 zuwa sama da megabayit 2 a shekarun nan. Ko burauza ta ji yaren, na'ura mai ƙaramar ƙwaƙwalwa sai ta yi ta nishi.

Sarƙar ke nan a dunƙule: shafi yana neman burauza, burauza tana neman Windows, Windows tana neman ƙarfe, ƙarfe kuma da dala ake saye. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 har dala ta haura ₦1,500 a 2024, zoben ƙarshe na sarƙar ya fi kowanne nauyi.

Masu faci

Duk inda kamfani ya janye, akan samu masu sa kai su tare gurbin. Wani likita Ba'amurke, Cameron Kaiser, ya riƙe TenFourFox daga 2010 zuwa 2021, yana daidaita Firefox don tsofaffin kwamfutocin Apple da kowa ya yi watsi da su. Masu Windows XP suna da Mypal da Supermium, burauzoji da aka sassaƙo daga sababbi aka rage musu buƙatu. Aikin Ruffle yana kwaikwayon Flash a cikin sabuwar burauza, da shi ma'adanar Internet Archive ta ceto tarin wasanni da zanen motsi daga ɓacewa. Masu tsara shafi ma suna da kayan aiki irin su Babel, mai fassara sabon JavaScript zuwa tsohon salo, in sun ga damar amfani da shi.

Mai gyaran kwamfuta na garinmu ɗan wannan zuri'a ne, ko da sunansa bai shiga kundin kowa ba. Shi ya san wace tsohuwar Firefox ce ke buɗe wane shafi, shi ke ajiye kwamfuta guda a kusurwa da ba a taɓa sabuntawa saboda ita kaɗai ke jituwa da na'urar ɗaukar hoton yatsa, shi ke gane cewa gargaɗin rashin tsaro wani lokacin batirin agogon kwamfuta ne ya mutu, kwanan wata ya koma baya.

Sai dai faci yana da iyaka. Ana iya dinka wa XP sabuwar burauza, amma ramukan da ke jikin Windows ɗin kanta suna nan, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. A Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba, har Microsoft ta fitar wa XP gyaran gaggawa shekara uku bayan ta sallame ta. A tuna abin da ke bi ta kwamfutar shago a yini guda: lambobin NIN da BVN, hotunan fasfo, kalmomin sirri, bayanan katin banki na mutanen da ba su da wata hanyar. Talaka ne ke miƙa mafi tsadar bayanansa ta mafi raunin na'ura.

Darasin Opera Mini

Maganin da ya fi aiki a ƙasar Hausa daga Norway ya zo, kuma juya lissafin 1996 ya yi. Opera Mini, wadda aka saki ga duniya a Janairun 2006, tana aiki a ƙananan wayoyin Nokia masu Java. Idan mutum ya nemi shafi, sabar kamfanin Opera ce ke ɗauko shi, ta zartar da umarnin JavaScript na ɗan lokaci, ta matse sakamakon, ta aiko wa waya ƙaramin abu da zai iya raguwa da kashi 90 cikin ɗari. Nauyi ya koma wurin mai ƙarfi. Najeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin manhajar a duniya, kuma ga ɗimbin matasan Arewa ita da 2go su ne intanet ɗin farko, tun kafin su taɓa linzami. Tana da nata aibi: shafuka masu yawan motsi sukan karye a cikinta, kuma duk abin da mutum ya buɗe ta hannun kamfanin yake bi. Amma ta tabbatar da cewa ƙaramar na'ura ba dalilin a bar mutum a waje ba ce.

Wasu sun ɗauki darasin. Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015. Bankunan Najeriya sun gano cewa lambar USSD, wadda ke aiki a wayar da ba ta da intanet ko kaɗan, ta fi kowace manhaja isa ƙauye. JAMB kanta ta saƙon tes zuwa 55019 take ba da lambar fara rajista. A Birtaniya ƙa'idar shafukan gwamnati na GOV.UK ita ce a fara gina hidima da tsurar HTML yadda za ta yi aiki ko JavaScript ya gaza, sannan a ƙara ado a kai. A 2022 sun cire ɗakin umarni na jQuery daga shafukan, suka kuma nuna cewa masu tsofaffin wayoyi da raunin layi ne suka fi amfana. Idan ƙasa mai wannan arziki tana auna shafinta da mafi ƙarancin na'ura, hukumar da ke hidima wa manoman Auyo ba ta da uzurin yin akasin haka.

Zaman ƙasan kogi

Mutanen wannan yanki sun san ma'anar zama a inda hukuncin wasu ke gangarowa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta daina bin kalandar damina kaɗai, ta koma bin hannun mai buɗe ƙofar ruwa a Jihar Kano. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, masunci da makiyayi da manomi kowa ya sake lissafi. Ba wanda ya yi nufin cutar da Guri. Ba ta cikin lissafin ne kawai. Haka injiniyan da ke Kalifoniya, ko ɗan kwangilar da ke Abuja yana gwada sabon shafi a kan sabuwar kwamfutarsa da layi mai gudu.

Wani sakin ruwan yana tafe. Microsoft ta kawo ƙarshen kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajistarsa. Windows 11 kuma tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da ba ta girmi wajen 2017 ba, don haka miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ba za su iya hawanta ba. Ba sai an yi duba ba a san inda da yawansu za su nufa. Za su iso da araha, su yi kyau a ido. Tarihi ya ba mu ma'auni: tsakanin ranar da Microsoft ta saki XP da ranar da Chrome ta sake ta shekara biyu ne, a Windows 7 kuma shekara uku. Duk makaranta ko cibiyar jarrabawa da za ta sayi irin waɗannan na'urori ta sa wannan a lissafinta, ta kuma tambaya ko za su ɗauki Linux, wadda ke ba tsohon ƙarfe sabuwar burauza kyauta, da kuma ko na'urar ɗaukar yatsanta za ta yi aiki a kai.

Bambancin wannan kogi da na Tiga shi ne wani ɓangare na ƙofar ruwan yana hannunmu. Ba mu da ta cewa a kan jadawalin Microsoft ko Google, amma shafin rajistar jami'ar jiha, da na ɗaukar ma'aikata, da na rabon taki da tallafin noma, a Dutse da Abuja ake ba da kwangilarsu. Hukumar NITDA, wadda ke shimfiɗa ƙa'idojin fasahar sadarwa ga hukumomin gwamnati, tun 2019 ɗan Haɗejiya ne ke shugabantarta, Kashifu Inuwa Abdullahi. Cikin masu karanta wannan ma akwai magatakarda da daraktoci da shugabannin sassa da ke sa hannu a takardar karɓar aiki.

Sharuɗɗan da za a rubuta a irin wannan kwangila ba su da tsada. Fom ya cika ya kuma tafi ko JavaScript ya gaza. Kada a jingina hidimar jama'a da fulogin ko manhajar kamfani guda. A ƙayyade nauyin shafi. A tanadi hanyar USSD ko tes ga matakan da ba sa buƙatar hoto ko yatsa. Idan burauzar mutum ta tsufa, shafin ya faɗa masa haka da Hausa, maimakon ya bar shi da farin allo yana zagin natwok. Kafin a biya ɗan kwangila kuma, a ɗauki aikin nasa zuwa wani shago a Kirikasamma ko Birniwa, a buɗe shi a kan kwamfutar da ke can da layin da ke can, a gaban mutanen da za su yi amfani da shi. In ya buɗe, a sa hannu.